Ni da Ƙiryar Tafkin Volta

Har yanzu ƙirjina da cinyoyina a ƙuje suke, amma gara in faɗa da bakina kafin bidiyon ya gama zagaya unguwarmu ta Gumani.

Ɗaurin aure ne ya nufe ni da Yeji. Mota ta kwaso mu daga Tamale, ta ratsa Salaga, ta zube mu Makango a bakin ruwa, muka tarar babban jirgin fito da ake kira pantun yana can tsallake. Wani saurayi masunci ya ce zai ƙetare da mu a kwalekwalensa. Inji akwai, man ne babu. To amma hunturu na busowa daga bayanmu ya nufi Yeji, sai ya kafa gora a tsakiyar jirgin, ya ɗaura mata buhunan fulawa da aka farke aka ɗinke wuri guda. Muka shiga: ni da shaddata mai sitaci, mata biyu 'yan kifi, wani mai akuya, da wani tsoho da goro a kunci.

Ruwan da mutumin Gumani ya sani shi ne wanda yake cika kwata ya shigo tsakar gida da damina. Amma da iska ta cika buhunan nan, jirgi ya zame babu ƙara babu hayaƙi, sai na ji ashe ni ma jinin Sarkawa ne. Har na fara tsara yadda zan sayi nawa in riƙa bin garuruwan bakin tafki ɗaya bayan ɗaya, Buipe, Kete Krachi, Kpando Torkor, in kwana Akosombo. Ina cikin lissafin kuɗin ne muka ji ƙum!

Kututture ne. Da gwamnatin Nkrumah ta datse kogi a Akosombo a 1965, ruwa ya shanye ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000, sai dai babu wanda ya sanar da itatuwa. Suna nan tsaye a ƙasa yadda aka bar su. Ɗaya ya tokare cikin jirginmu, wani kuma, busasshe, ya fito saman ruwa dab da kafaɗata.

"Alhaji, kama itacen nan ka tura mu," in ji saurayin.

Na miƙe. Na kama da hannu biyu. Na tokare ƙafafuna a bakin jirgi, na yi Bismillah, na tura da duk ƙarfin tuwon zafin da na ci a duniya. Jirgi ya kuɓuta, kuma daidai nan iska ta kaɗo.

Wannan daƙiƙar ce take hana ni barci. Hannaye a itace, yatsun ƙafa a jirgi, ni kuma a tsakani ina ta tsawo. Na leƙa ƙasa na ga fuskata a ruwa, da hula, tana kallona. Na ji sitacin shadda yana ƙara. Na tuna ban iya iyo ba, na tuna wanda nake bi bashi a kasuwar Aboabo, na tuna kuɗin gudummawar ango na aljihun gaba. Duk lokacin da na sake duba abin a raina sai in ga akwai zaɓi: in saki itace ko in saki jirgi. Ƙarya ne. Jirgin ne ya sake ni, ya tafi da takalmina na hagu.

Na rungume itacen hannu da ƙafa kamar goyon da ya ga mai allura. Iska ta shiga babbar riga ta kumbura ta, ta ɗaga ta bisa kaina, duk wanda ke jirgin ya san launin wandon cikina. Kwalekwalen da iska ke turawa kuwa ba shi da ribas. Sai an kwance buhu, an kwantar da gora, an ɗauki filafili an yi ta fama da iska. Saurayin na wannan aiki, mata na salati, akuya na kuka, sai muryar tsoho ta taso.

"Ɗana, kada ka saki!"

Na ce, "To, Baba."

"Kwantar da hankalinka, ƙirya ce. Ƙirya ba ta ruɓewa. Da rimi ne da tuni mun yi maka salla."

Mai akuya ya ce shi dai maɗaci yake gani. Tsoho ya juya gaba ɗaya, ya ba ni baya, suka shiga gardama, jirgi na ƙara nisa. Can ya tuna da ni, ya haɗa tafin hannu a baki.

"Ɗana! Ɗanɗana ɓawon! In da ɗaci maɗaci ne!"

Itacen da ya shekara sittin a ruwa, ina ya ga ɓawo? Ban amsa ba, don haɓata ce take taya hannuwana riƙo.

"Kuma ko ka faɗa kada ka damu, wurin nan gonar kakana ce. Ba dutse ko ɗaya. Doya take yi kamar me!"

Ana haka pantun ya taso daga Yeji, maƙil da motoci da 'yan kasuwa. Na ga mutane sun taru a gefe guda, na ga wayoyi sun tashi sama. Wani ya ɗaga mini hannu. Tarbiyya mugun abu ce, saura kaɗan in ɗaga masa nawa. Igiyar ruwan da jirgin ya taso ta iso, itace ya yi rawa, tsoho ya yi ihu in karanta Ayatul Kursiyyu, ya ƙara da cewa in fara cire hula tukuna don kada ta jiƙe, hula ce mai kyau.

Da suka iso, sai da mata biyun suka ɓamɓare yatsuna ɗaya ɗaya. Suka shimfiɗe ni a kan kwandon kifi ina rawar ɗari. Tsoho ya matso, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya leƙa hannuwana, ya girgiza kai.

"Duk zaman nan da ka yi a sama, ko reshe ɗaya ba ka karyo mini ba? Ƙotar fartanya nake nema tun bara."