Mutanen da Mai Jego ke Tararwa a Yawon Arba'in

Kwana arba'in mai jego take yi a ɗaka, daga ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma sai kunun kanwa. Ranar da ta fita wanka ta sha kitso da lalle, ta saɓa jariri a baya da sabon zanen goyo, ta shiga gari gaida dangi. A ƙasar Daura kuwa dangi ba sa ƙarewa. A gama da cikin gari a nufi Sandamu, gobe Zango da Baure, jibi Mai'aduwa, wataƙila har a ƙetara ta Kwangwalam don akwai wata gwaggo a Nijar. Gidajen ne ke sauyawa, mutanen ciki kuwa su ne dai.

Tun daga zaure Mai Ƙorafi za ta tare ki: "Sai yau? Mun ji ai tun shekaranjiya kina gidan Yaya Babba." Ita lissafinta ba na lafiyar yaro ba ne, na jerin gidaje ne, kuma ko da asuba kika fara da ita sai ta tambayi inda kika kwana.

Kafin ki kwance goyo Mai Gano Kama ta iso. In daga dangin uba take, hanci na Malam ne sak, ido na marigayi Alhaji, yatsu dogaye irin na gidansu. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce, "Goshin nan dai ba namu ba ne." A gidan iyayenki kuma goshin ne abin alfahari, hancin ake yi wa addu'a. Shi kuwa mai hanci da goshin barcinsa yake yi.

Babbarsu duka ita ce Likitar Gado. Ba ta taɓa zama aji ba, amma ta raini tara nata da jikoki, don haka gardama da ita sai mai ƙarar kwana. Za ta taɓa maɗigar yaro, ta leƙa cibiya, ta buɗe baki ta duba ko wanzami ya yi aikinsa ranar suna. Sannan ta jefo tambayar da kike gudu: "Yana shan ruwa?" Ki ce, "Gwaggo, a asibiti sun ce nono zalla har wata 6." Gaskiyarki kuwa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, kuma nonon da kansa mafi yawansa ruwa ne. Sai ta tafa hannu ta yi salati: "Ɗan Daura za a hana ruwa? Bayajida don me ya kashe macijiyar Kusugu? Ita ma da zaluncinta tana bari a ɗiba ranar Juma'a!" Ki sunkuyar da kai kawai, amma kada ki bar mata shi ki tafi alwala. Abin da ke ƙara mata ƙarfi shi ne allurar sati 6 tana faɗowa daidai kwanakin yawon. Yaro ya ɗan yi zazzaɓi ya kumbura cinya, kamar yadda ma'aikaciyar lafiya ta riga ta faɗa, ita kuma Gwaggo ta samu hujjar da za ta riƙe har yaye.

Akwai Mai Awo, wadda ke ɗaga yaro sama ta jijjiga kamar dillali da rago a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Ko dai ya rame, nononki bai isa ba, ko ya yi nauyi, a rufe shi kada baki ya kama shi. Ƙanwar miji kuma ta riga ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp tun kafin a gama zancen bakin.

Ni dai a cikinsu Kaka nake so. "Wannan mummunan mijin nawa, ko kuɗin cefane bai zo da shi ba," in ji ta. In mace ce, kishiya ce ta zo ƙwace mata tsoho. Tana zagin tana kwance bakin zane, ta damƙa wa yaro abin da ta daɗe tana ɓoyo, ta haɗo ki da kuka da daddawa da ƙwaryar fura.

Iyaye maza iri biyu ne. Na dā, mai kunyar ɗan fari, ya sauke ku a ƙofar gida ya koma gindin bishiya, ko sunan yaro ba ya kamawa. Na zamani kuwa shi ke rataye jakar famfas, ya haddace katin rigakafi, sati 6 da 10 da 14 sai ƙyanda a wata 9, yana yi wa direban Keke Napep faɗa kan kowane rami. Irinsa ne ke cewa dole yaro ya ga hawan Sallar Gani a ƙofar fada, wai ya san tarihinsa tun da wuri. Ya kutsa cikin taro yana nuna wa ɗan wata uku dawaki da 'yan lifida. 'Yan bindiga su saki ta farko, yaro ya tsandara kuka, uba ya waiwaya yana neman uwar, ita kuwa tana can bayan taro, Gwaggo ta ritsa ta da zancen ruwa.