Zuwa Ga Bawana Mai Ƙidayar Jiragen Turawa

Malam Bazazzagi, bayan gaisuwa irin wadda ubangida kan yi wa bawansa in ya ga dama, ina sanar da kai cewa hotunanka suna isowa, har sun cika mini waya ta fara nishi. Mun tura ka Ingila ka ƙaro ilimi, tunda ku mutanen Zazzau kun ce a ƙofarku aka binne cibiyar karatu. Muna zaune muna jiran hotonka da hular digiri, sai ga hoton goshin jirgin ƙasa. Na ce to, wataƙila shi ke kai shi makaranta. Bayan kwana biyu ga wani goshin, ga wani kuma. Da na tambaye ka bambancinsu, don ni duk ɗaya na gani, sai ka amsa da fushi wai in buɗe ido in dubi lambar da ke gefe, wannan 43 da kaza ne, wancan 43 da kaza. A nan na san abin ya wuce na asibiti.

Bari in yi wa masu karatu bayani, kada su zaci kai ka ƙago wannan lalura. A Ingila akwai wasu mutane, akasarinsu maza, da yawansu kuma da furfura, waɗanda kan je can ƙarshen dandamalin tasha inda rumfa ta ƙare, inda iska ke kaɗawa ba abin da ya tare ta, su tsaya da ɗan littafi da biro da filas ɗin shayi. Ba tafiya za su yi ba, ba kuma baƙo suka zo tara ba. Jirgi ya zo wucewa su rubuta lambar kansa, su ɗauke shi hoto, ya yi gaba, su gyara tsayuwa su jira na baya. Burin kowa a cikinsu shi ne ya ga duk kawunan jirgi na wani rukuni da idonsa, ya ja layi a ƙarƙashin lambar kowanne. In ya kammala, babu kyauta, babu lada, babu ko sannu da aiki. Sai ya koma kan wani rukunin.

A duk tarihin wannan sana'a marar riba, mutum ɗaya na ga mai hankali, sunansa Ian Allan. A 1942 yana saurayi ɗan shekara ashirin, yana aikin ofis a kamfanin jirgin ƙasa na Southern Railway a tashar Waterloo da ke Landan, sai ya lura wasiƙu ba sa yankewa daga masu tambayar lambobin kawunan jirgi. Maimakon ya yi ta amsa musu kyauta, sai ya tattara lambobin a ɗan littafi, ya sa masa kuɗi sule ɗaya. Littafi ya ƙare a kasuwa, ya sake bugawa, ya yi na sauran kamfanoni, ya kafa wa yara ƙungiyar masu kallon jirgi, daga ƙarshe ya zama babban mai buga littattafai. Ka ga wannan ko ba a faɗa ba, da jinin Kano a jikinsa. Yara suna can suna shan sanyi a bakin dogo, shi yana ofis yana ƙirga sulalla: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai da ka je ƙasar, a cikin layuka biyun nan sai ka zaɓi na kura.

Na bi diddigin abin ƙaunar taka, don kada ka ce Bakano ya yi maka shari'a bai ji ta bakin shaida ba. InterCity 125 ake ce masa. Ya fara ɗaukar fasinja a 1976, da kan jirgi mai shan dizal a gaba da wani a baya, taragu a tsakiya, yana gudun mil 125 a awa, wato kilomita 200. Da a ce a wurinmu yake, da ka taso daga Zariya ka zo ka gaishe ni ka koma kafin kokon safe ya huce, wanda hakan ma bai zama lallai ya faranta mini rai ba. A 1987 ɗaya daga cikinsu ya taɓa mil 148 a awa, abin da ya zama tarihi ga jirgi mai dizal. Goshin nan nasa mai gangare da kake wa kirari, wani mai zanen kayan masarufi ne, Kenneth Grange, ya tsara shi, kuma kan jirgi na farko a jerin, mai lamba 43002, yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na garin da kake zaune, York. Ban hana ba, jirgi ya yi aiki. Shekara arba'in da ɗoriya yana kai da kawowa.

To amma komai ya yi farko zai yi ƙarshe. A 2019 aka janye shi daga dogayen tafiye-tafiyen da ke tashi daga tashar Paddington ta Landan zuwa yamma, kafin shekarar ta fita aka janye shi daga layin gabas mai bi ta York zuwa Edinbara, aka kawo sababbi ƙirar kamfanin Hitachi na Japan, waɗanda ake kira Azuma a wannan layin. Sabon yana jan lantarki daga wayar sama, wasu kuma in waya ta ƙare su tayar da injin dizal su ci gaba. Ƙofarsa maɓalli ake dannawa. Shi kuwa tsohon, a zamaninsa in za ka sauka sai ka zuge tagar ƙofa, ka zura hannu waje cikin ruwan sama, ka murɗa mariƙi ta baya. Wannan wahalar ce ka ce mini kana kewa. Wai sabon ba shi da rai, wai ba ya ruri, sulalewa kawai yake yi. Ka turo mini sautin tsohon injin da wasu suka naɗa tun kafin a canza musu injina, ka ce in sa a kunne in lumshe ido. Na sa. Uwargida ta leƙo tana tambaya wa ya tayar da janareta da rana tsaka.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ɗaukar hoton kansa. Da bakinka ka ba ni labari, kana yi kana alfahari. Ka ce ba a ɗaukar jirgi gaba da gaba, ba a ɗaukarsa ta gefe, sai a karkace yadda goshi da tsawon taragu za su fito tare, kuma dole rana ta kasance a bayanka. Ka hau jirgi ka tafi har Sikotland inda ragowarsu ke aiki, ka sauka a wani ƙauye, ka taka cikin ciyawa mai raɓa zuwa wata gada, ka tarar dattawa sun riga ka, kowa ya kafa ɗan tsaninsa na ƙarfe don ya leƙa ta saman shinge. Kuna duba waya kuna bin sawunsa, ya bar tasha kaza, ya makara da minti kaza. Hancinka yana yoyo, yatsunka sun ƙage a kan kyamara. Can ga shi ya kunno kai, kuma a daidai lokacin sai gajimare ya rufe rana, wani dattijo ya ɗaga gwiwar hannu ta shigo maka hoto. Kafin ka ce a'uzubillahi jirgi ya wuce. Kuka sauko kowa fuska a murtuke, ba mai yi wa wani magana. Ka ce mini duk da haka rana ce mai albarka.

Su dai Turawa na san inda suka gaji abin. A watan Agustan 1968 aka daina amfani da jirgi mai tururi a manyan layukan Birtaniya, bayan an daɗe ana sayar da kawunan ga 'yan gwangwan. Wani dillalin tsofaffin ƙarafa a garin Barry da ke yankin Wales, Dai Woodham, ya sayi kusan ɗari uku, amma sai ya ga yanka tsofaffin taragun kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, ya bar kawunan a fili suna tsatsa. Masoya suka yi ta haɗa taro da sisi suna zuwa suna fansa ɗaya bayan ɗaya, har aka kuɓutar da 213. Wannan ma in ka duba da kyau, ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne aka haifa a wata ƙasa: ya sayi ƙarfe a farashin ƙarfe, ya sayar wa masu kuka. Haka kuma kan jirgi mai tururi Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, aka kashe fiye da fam miliyan huɗu wajen gyara shi. Ranar da ya dawo kan dogo a Fabrairun 2016, daga tashar King's Cross ta Landan zuwa York, masu kyamara suka tsallake shinge suka hau layi har sai da aka tsayar da jirage. Na ji kuma Turawa da lamirin mace suke ambaton waɗannan kawunan jirgi, su ce ta iso, ta gaji. Wannan kam zai ba ka wuya, kai da ko matarka "ya dawo daga kasuwa" kake ce mata.

Har Pacer kun yi wa makoki. Jirgin da aka haɗa a shekarun 1980 da gangar jikin bas a kan ƙafafun taragon kaya, wanda mutanen arewacin Ingila suka shekara talatin suna tsine wa saboda jijjiga da ƙara. Ana cewa za a kawar da shi, abin da aka kammala a 2021, sai ga 'yan uwanka sun yi layi da kyamarori suna matse ƙwalla. A nan na gano sirrinku. Jirgi yana da ƙarfinsa ba ku kula shi, sai an sa masa ranar sallama soyayya ke motsawa.

Yanzu bari in zo kan laifinka na ainihi. Kai fa ɗan Zariya ne. Tun 1911 da dogo ya taso daga Baro ya iso Kano, ta garinku ya ratsa, don ba yadda zai yi, hanya ce ta bi da shi. A garinku layi ya rabu, ɗaya ya nufi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Daga garinku wani siririn layi ya hau tsaunukan Jos don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Sabon Garinku albarkacin reluwe ya cika ya batse. Ka tashi kana jin usur ɗin jirgi da asuba, ka sha rake a gindin taragu, ka tsallaka dogo zuwa makaranta ba adadi. Ka taɓa ɗaga kai ka dubi lambar ko da ɗaya? Ina hoton jirgin Legas yana shigowa tasharku, masu tallan ƙosai da dafaffen ƙwai suna bin tagogi da gudu? Ina hoton mai ba da hannu a mahaɗar titi da dogo, da jar tutarsa da koriya? Taragun da suka kwashi dalar gyaɗarmu zuwa bakin teku ta ƙofar gidanku suka bi, ba ku rubuta komai ba, ku masu ilimi. Ga shi tun 2016 sabon layi mai faɗi yana aiki tsakanin Abuja da Rigasa, ana shimfiɗa na Kaduna zuwa Kano da zai bi ta wajenku, ana kuma ja daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina. Tsohon siririn dogon nan ranarsa tana zuwa, kuma babu wani dattijo mai tsani da ke jiransa a kan gada. Kodayake, a yi maka adalci, a nan in ka tsaya bakin tasha kana rubuta lambobi a littafi, kafin ka kai na uku wani mai kaki ya dafa kafaɗarka, kuma ba na jin "sha'awa ce kawai" za ta fitar da kai kafin magariba.

Na ajiye maka mai daɗin a ƙarshe, don na san ba za su gaya maka a kan gada ba, ko sun gaya maka ka ɓoye mana don kunya. Wasu daga cikin waɗannan InterCity 125 da kake wa zaman makoki ba su mutu ba. An loda wasu a jirgin ruwa zuwa Meziko, an loda wasu zuwa Najeriya. Jihar Legas ta saye su gwanjo don layinta na cikin gari da ake kira Jan Layi, wanda aka buɗe a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo. Jirgin da ya saba keta Ingila a mil 125, yau yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin yana ɗaukar ma'aikata. Wato ka sayi tikitin jirgin sama, ka sayi rigar sanyi mai hula, ka ci bashi ka sayi kyamara mai dogon baki, kana bin abin da ya riga ka dawowa gida. Kai ka tafi, shi ya taho, wataƙila ma a teku kuka yi saɓani. A Agege kuwa rana ba ta ɓuya a bayan gajimare sai da damina, kuma 'yan uwanmu Hausawa suna nan birjik, za su ba ka benci da shayi mai madara ka zauna ka ƙirga har ka gaji.

Saboda haka ga shawarar ubangida, kuma ban ce kyauta ba ce. Ka dawo hutun bana da kyamarar nan. Mu fara daga tashar Kano, tunda babba ake fara gaisarwa, mu bi tsohon layi mu sauka Zariya, ka ɗauki duk abin da ya rage: tankin ruwa, gidajen ma'aikata, allon sunan tasha, da tsofaffin direbobin da suka yi ritaya kafin su ma a neme su a rasa. Kai ne da tsayuwa a rana da rubuta lamba, tunda ka ƙware. Ni ne da buga littafin da sayarwa, kuma zan sa sunanka a ciki, a shafin baya, da ƙananan baƙaƙe. Kafin nan ka turo kuɗin sharata na watan cika-ciki da ka danne, da fam nake so ba da naira ba, kuma in ka kuskura ka turo mini hoton jirgi a madadinsu, 'yan gwangwan zan kai wa wayar gaba ɗaya.