Ranar da Aka Ce In Fito da Na'ura Uku

Duk shekara idan azumi ya kama, Alhaji yakan sa a ƙirga dukiyarsa kaf don a fitar da zakka. Mu da muke cin abinci a ƙarƙashinsa a Kantin Kwari mun san abin da ke biyo baya: a sauke dilolin atamfa da shadda da leshi daga sito, a ƙirga su turmi-turmi, a lissafa bashin da ake bin 'yan Maraɗi da 'yan Njamena, sannan Malam Akawu ya zauna da littafinsa mai baƙin bango ya haɗa kan komai. Ni ba ruwana da wannan hidima. Aikina kula da kwamfutocin da ke riƙe da lissafin ciniki ne, kayan aiki kuwa ba a fitar musu da zakka, don haka na yi niyyar in yi azumina a gaban fanka.

Sai dai Malam Akawu ba ya tsallake layi. Ranar Alhamis, 14 ga Maris na 2024, huɗu ga azumi, ya aiko yaro ya kira ni. Na tarar da Alhaji a kishingiɗe yana jan carbi, Malam Akawu kuma ya ɗora yatsa a kan wani shafi.

"Injiniya," in ji shi. In dai ya kira ni da wannan sunan, to akwai magana. "Ga na'ura uku nan muna biya musu kuɗi duk wata. Na duba sito, na duba ofis, har bayan injin janareto na leƙa. Ina suke?"

Tarihin abin shi ne, da can muna da tsohuwar kwamfuta guda a ƙarƙashin tebur, an ɗora ta a kan bulo biyu. Da ambaliyar daminar 2022 ta shiga kasuwa ta jiƙa wa mutane kaya, Alhaji ya ga inda ruwa ya tsaya a jikin bulon nan, sai ya yarda mu koma haya a intanet, abin da ake ce wa girgije. Amazon ta fara irin wannan haya tun 2006, Microsoft da Google su ma suna yi. Kamfanin da muke haya a wurinsa dai ɗaya ne daga cikin masu wannan sana'a. Na kama na'ura uku a Landan: ɗaya tana ɗauke da manhajar ciniki, ɗaya tana riƙe da rumbun bayanai, ƙaramar kuma aikinta gadi, wato sa ido a kan sauran da adana kwafin komai cikin dare. Akwai cibiyoyi a Afirka ta Kudu, an buɗe wasu a 2019, wasu a 2020, amma da na gwada daga Kano sai na ga saƙo ya fi saurin dawowa daga Landan.

Da dala ake biya. Lokacin da muka fara, dalar gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A watan da nake magana ta haura 1,500, a kasuwar canji ta Wapa ma ba a cewa komai. Saboda haka abin da Malam Akawu yake gani a littafi shi ne kuɗi ya ninka uku, kaya kuma babu ko ɗaya da za a taɓa da hannu. Ban ga laifinsa sosai ba, sai dai kallon da yake yi wa sabon agogona.

Na gyara zama na yi bayani. Na ce a Landan akwai wani katafaren gini cike da manyan kwamfutoci a jere cikin sanyi, wata manhaja tana yanka kowace ɗaya kashi-kashi, ta ba wannan ɗan haya nasa kason na ƙwaƙwalwa da ma'aji, ta ba wancan nasa, kowa yana gani kamar shi kaɗai ne a ciki.

Alhaji ya ce, "Wato kamar yadda ake yanka bene ɗaya a nan Kwari a fitar da shaguna ashirin."

"Ranka ya daɗe, ko ni ban iya faɗa haka ba."

Malam Akawu ya ce, "To shago ai yana da lamba, yana da ƙofa, yana da kwaɗo. A buɗe mu gani."

Nan na ji daɗi, don duka ukun akwai su. Na nuna masa adireshin na'urar, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani. Na ce ƙofar da nake shiga ita ce ta 22, mukullin kuma wani dogon rubutu ne da ke ɓoye a cikin kwamfutata. Na buɗe baƙin allo, na rubuta umarnin shiga, na buga maɓalli da ɗan ƙarfi don a ji, na jingina da kujera.

Ɗan farin layin nan ya tsaya yana ƙifta ido. Alhaji ya ja carbi ya zagayo. Can sai allon ya ce lokaci ya ƙure, ba a amsa ba.

Na sake. Na sauya layin waya. Na kashe na kunna. Malam Akawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya rufe littafinsa a hankali. Ni dai na fi son a yi mini ihu da irin wannan rufe littafin.

A waje kuma kasuwa ta fara ruɗewa. Masu POS suna ɗaga na'urorinsu sama suna neman sabis, wata Hajiya ta rantse an cire kuɗin a asusunta, mai shago ya rantse bai ga alat ba. Wani ya ce gwamnati ce ta rufe, wani ya ce Yahudawa ne. Sai bayan azahar labari ya fito: manyan igiyoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun yanke a kusa da gaɓar Abijan. Daga Laberiya da Kwaddibuwa da Gana da Benin har Najeriya, kowa ya ji a jikinsa. Na shigo da labarin nan da gudu kamar mai albishir.

Malam Akawu ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Da safe suna Landan. Yanzu kuma maganar ta koma ƙarƙashin teku. Alhaji, in aka bar shi zuwa la'asar za mu ji sunan wata duniyar."

Ana cikin haka wayar Alhaji ta yi ƙara, tawa ma ta yi.

Ƙaramar na'urar nan mai gadi, duk minti ɗaya takan ƙwanƙwasa wa ofishinmu ta ga ko muna nan. In ta yi minti biyar ba a amsa ba sai ta aiko da tes, kuma ta ci gaba da aikowa duk bayan minti biyar har sai wani ya shiga ya shaida mata an ji. Tun ranar da na kafa ta Alhaji ya ce a sa lambarsa, don ba a yin komai a bayan idonsa. Tun safe take ta aikowa saƙonnin suna maƙalewa a hanya, sai yanzu suka samu kafa, suka shigo a jere kamar an buɗe ƙofar makaranta.

Na karanta musu: ofishin Kano ba ya amsawa.

"Wa ya aiko?" in ji Alhaji.

"Ita, ranka ya daɗe. Ɗaya daga cikin ukun da ake cewa babu."

Alhaji ya yi shiru, ya dubi wayar, ya dubi Malam Akawu. Ya ce, "Malam, abin da babu ai ba ya aiko da saƙo. Ashe mu take nema." Na ji kamar an ba ni ruwan randa. Amma farin cikin bai kai minti biyar ba wayar ta sake ƙara. Alhaji yana amfani da wannan wayar wajen jiran kiran masu kwantena daga Legas, ba zai kashe ta ba, kuma ƙarar saƙonsa irin ta zakara ce, wani jikansa ya sa masa, ba wanda ya san yadda ake cirewa. Da zakaran ya yi cara a tsakiyar sallar la'asar, Alhaji ya sallame ya ce in je duk inda zan je in rufe wa abin nan baki kafin a sha ruwa. Ya ce Malam Akawu ya raka ni. Bai ce gadi ba, amma ni ne a tsakiya a cikin adaidaita sahu.

Akwai wani abokina mai shagon kwamfuta a Farm Centre wanda layinsa bai mutu ba. Ba duka igiyoyin ne suka yanke ba. Equiano ta Google, wadda ta sauka Legas a 2022, tana cikin waɗanda suka tsira, kuma duk wanda hanyarsa ta bi ta irinsu yana rarrafawa. Muka isa shagon leɓe a bushe. Na haɗa, na rubuta umarni. Shiru.

Wannan karon katangar tsaro ce. Doka ce na kafa cewa ƙofa ta 22 ba ta buɗuwa sai ga wanda ya zo daga adireshin ofishinmu, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa dokar daidai take: duk na'urar da aka bar wa wannan ƙofar a buɗe, kafin awa guda ɓarayin intanet sun fara gwada mata mukullai. Matsalar kawai ita ce yau ni ne baƙon. Don in ƙara adireshin abokina a jerin waɗanda aka yarda da su, sai na shiga babban shafin kamfanin, shi kuma bayan kalmar sirri yana neman wasu lambobi 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Manhajar da ke fitar da lambobin tana cikin wayar babban ɗan Alhaji, don Alhaji ya ce mukulli na biyu ba ya zama a hannun wanda ba jini ba. Babban ɗan Alhaji kuwa yana Makka, ya tafi Umara.

Muka kira shi ta layin waya. Su can suna gabanmu da awa biyu, sun sha ruwa, yana harabar masallaci cikin hayaniya, bakinsa da dabino.

"Yaya, don Allah buɗe manhajar nan ka karanto mini lambobin."

"A'a, Injiniya! Ya ibada? Ya kasuwa? Ya su Baba? Ya zafi?"

Duk wanda ya tsara daƙiƙa 30 ɗin nan bai taɓa gaisawa da Bakano ba. Kafin mu kai "ya iyali" lamba ta mutu an haifi wata. Ya fara karantowa: "Bakwai... huɗu... tsaya, ta canza." Muka sake shiri. Na ce ya jira sabuwa ta fito ya karanto a guje. Ta fito, ya ce "biyu, tara," sai Malam Akawu ya karɓe wayar daga hannuna, wai ba zai yiwu a yi magana da wanda ke kallon Ka'aba a bar shi bai roƙi addu'a ba. Ya lissafa 'ya'yansa da sunayensu, ya ambaci ciwon gwiwarsa, ya ce a sa da mai ɗakinsa. Ni kuma ina kallon agogo ina lissafa cara nawa zakara ya yi a aljihun Alhaji.

Da ƙyar dai muka dace da lamba mai rai. Shafin ya buɗe, na ƙara adireshin, na shiga, na danna wa mai gadi cewa an ji. Sannan na juya allon na ce, "Malam, ga su."

Ga sunayensu uku a jere, kowace da koren ɗigo. Ga kwafin rumbun bayanai na daren jiya da lokacinsa, ƙarfe 2 daidai. Ga zanen da ke nuna yawan aikin da suke yi, layin ya kwanta a ƙasa shamal tun safe, tunda ba wanda ya iya kai musu ko rasiɗi ɗaya.

Ya matso da fuska har numfashinsa yana taɓa gilashin. "To yanzu me suke yi?"

"Jira suke."

"Ana biyan kuɗin jiran?"

"Awa-awa."

"In an kashe su da daddare fa, kamar janareto?"

Na ce kuɗin awa zai tsaya in an kashe su yadda ya kamata, amma faifan ajiya ana biyansa ko a kunne ko a kashe, haka adireshin da aka keɓe mana. Kuma 'yan Maraɗi da daddare suke turo oda. Ya yi salati. Ya tambaya ko tes ɗin nan da aka yi ta aikowa kyauta ne. Na ce kowane ɗaya da kuɗinsa, da dala, kuma lamba biyu ake aika wa. Ya sake yin salati, ya zaro biro ya fara lissafi a tafin hannu. A nan aka kira magariba, abokina ya kawo kunun tsamiya da ƙosai, Malam Akawu ya sha da hannun dama yana kare na hagun kada lissafin ya goge.

Gyaran igiyoyin ya ɗauki makonni, don sai jirgin ruwa na musamman ya je ya ciro su daga ƙasan teku ya ɗinke, amma kamfanonin waya sun karkata hanya ta wasu igiyoyin, cikin 'yan kwanaki ciniki ya dawo. Washegarin tafiyarmu dai Alhaji ya yanke hukunci. Ya ce na'urori suna nan, an gani, a rubuta. Ya ce a cire lambarsa daga wannan masifa. Malam Akawu ya ce ai dukiya ba ta zama ba mai sa mata ido daga ɓangaren lissafi, a sa tasa lambar, kuma duk wani motsi da suka yi a sanar da shi, ba sai sun ɓace ba. Na ce, "Malam, duk wani motsi?" Ya ce duk.

Ƙarfe 2 na dare ake ɗaukar kwafin rumbun bayanai, kuma idan an gama mai gadi yakan ba da rahoto. Malam Akawu ba ya karanta Turanci cikin dare, don tabaransa a ofis yake kwana. Sai ya kira ni.

"Injiniya, ta yi magana. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malam. Cewa ta yi ta gama."

"To madalla. Ya iyali?"