Malaman Lissafi na Bakin Ƙofar Kamfani

Idan aka ɗauke wuta a Sharaɗa, injinan roba suka yi tsit, dillalan da ke jiran lodin bokitai da silifa sai su koma teburin mai shayi. Sana'arsu ɗaya ce: su ba da kafin alƙalami yau a kan kayan da ba a ma ƙera ba, da fatan kafin su fito farashi ya tashi. Da yawansu sun yi jami'a, kuma ba sa bari a manta.

Akwai almajirin Niwton. Abin da ya rage masa na ajin fiziks shi ne duk abin da aka cilla sama sai ya dawo ƙasa. Da wannan hujja ya ƙi sayen kaya a watan Yunin 2023, lokacin da gwamnati ta sakar wa naira mara. Ya ce a yi haƙuri, dala za ta faɗo. Ta ɗan sauko daga baya, amma ba ta ko leƙa inda ya bar ta ba. In ka tsokane shi sai ya ce laifin iska ne, don a aji kullum cewa ake yi a ɗauka babu iska.

Kusa da shi akwai dattijon da ya yi sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa, ɗaya daga cikin biyun da aka buɗe a 1977. A wurinsa ilimi ya ƙare ranar da aka bar yara suka shiga jarrabawa da kalkuleta. Shi da littafin logaridim ya tashi, kuma zai nuna maka. Kafin ya gama nunawa wani ya saye kayan.

Sai Malam Saura Ƙiris, wanda maki kaɗan ya hana shi digiri mai daraja ta ɗaya saboda wani lakcara ya tsane shi. Kowace shekara makin na raguwa, muguntar lakcaran na ƙaruwa.

Wanda ya fi cika kunne yana Challawa, wajen masu jimar fata. Shi ya gano cewa kafin alƙalamin da yake bayarwa a kan fatun awaki shi ne abin da ake ciniki da shi a kasuwar Shikago tun 1973: ka biya kaɗan ka sayi damar saye nan gaba a farashin yau, in kasuwa ta juya ka haƙura da ɗan abin da ka biya. Gaskiya ya faɗa, har da cewa a shekarar ce Fischer Black da Myron Scholes suka fitar da lissafin kimanta wannan dama, kuma lissafin ɗan uwan wanda ke bayanin yaɗuwar zafi a jikin ƙarfe ne, wanda ya sha da ƙyar a aji uku. Matsalar ita ce lissafin yana so a iya saye da sayarwa a kowane lokaci ba tare da tsaiko ba, shi kuwa mai fatunsa in farashi ya tashi kashe waya yake yi. Ga kuma wani Ustaz da ba ya rabuwa da teburin, mai tuna masa cewa Imamu Malik bai halatta cinikin da ake cinye kuɗin ajiya in an fasa ba, Hambalawa ne suka yarda. "To, Malam, ranar ciniki ni Bahambale ne," in ji shi.

A Bompai za ka sami Injiniya, wanda ya yi aiki a masaƙa kafin ta rufe. Dokar Ohm na bakinsa, yana iya gaya maka dalilin da ya sa taransifoma ke ƙonewa. Yanzu man dizal yake kai wa masu janareta, don haka shi kaɗai ne ke zagin wutar lantarki fuskarsa a sake.

Ƙaraminsu bai tuna ko dabara ɗaya ba. Abin da ya riƙe na jami'a shi ne yajin aikin malamai na 2022, wata takwas cur, wanda a cikinsa ya fara bin kawunsa kamfani yana riƙe masa rasit. In manya suka shiga gardamar kalkulas sai ya ce, "Yallaɓai, ku ci gaba, ina zuwa," ya zagaya wajen mai gadi ya sa a rubuta motarsa a farkon layi.