Fim ɗin Indiya ba rawa ba bos

A 2013 Ritesh Batra ya fito da The Lunchbox, masu sharhi a bikin fina-finai na Cannes suka yi ta jinjina masa. Labarin dai ga shi: masu kai abincin rana a Mumbai sun yi kuskure, kular da wata mata, Ila, ke haɗa wa mijinta da ya daina kula ta sai ta sauka teburin wani ma'aikaci da matarsa ta rasu, wanda Irrfan Khan ya fito a matsayinsa. Wasiƙarsa ta farko da ya saka mata a cikin kular ƙorafi ne cewa gishiri ya yi yawa. Daga nan takarda ta riƙa yawo a ƙarƙashin murfi.

To ka saka wannan a gidan kallo a Kontagora. Kafin minti 30 wani zai ɗaga murya daga bencin baya: "Malam, yaushe bos zai fito?" Ba bos. Ba rawa a kan dutse. Jaruman biyu ma ba su taɓa zama wuri ɗaya sun yi hira ba.

Kaɗaicin ne ma ba zai shiga kan kowa ba. Tsoho ya zauna shi kaɗai a baranda, maƙwabta ba su aiko yaro da tuwo ba, ba wadda ta kawo masa zancen bazawara? Dattijan layin gaba kuwa abin da zai tsaya musu daban ne: mutum ya kwashe makonni yana lashe girkin matar aure, har da gyaran gishiri, mai unguwa bai ji ba.

Indiyar ma da za ta tura fim gasar Oscar, The Good Road ta zaɓa ta bar The Lunchbox, masu sharhi suka yi ta kumfar baki.