Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Alhaji Ajin Zana

Ranka ya daɗe,

Ko da yake wannan addu'a ba ka buƙatarta. Tun muna yara ake ce mana kai na wucin gadi ne, ga shi mun yi furfura, gwamnatoci sun zo sun wuce, kana nan daram daga Tasawa har ƙauyukan Mayahi. Duk Oktoba, da an gama yankan gero, iyaye su tara kara da zana su tayar da kai. Damina ta rushe ka, awaki su ƙarasa sauran, baɗi ka dawo kamar ba a yi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in tambaye ka sirrin da ke tsakaninka da doka. Gidan siminti idan zai tara jama'a, sai masana su yi ta ƙa'ida: ƙofa ta buɗe waje, a bar hanyar fita ta biyu, a rataye tukunyar kashe gobara. Kai kuwa ƙofarka ɗaya, ita ma mushe, wato malamin aji, sai ya sunkuya. Bangonka makamashi, rufinka makamashi, kuna jere kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwanka, iskar hunturu tana kai gaisuwa daga wannan zuwa wancan. Tukunyar gobara ma a jikin me za a rataye ta?

A nan dariyata take tsayawa, Alhaji. Ranar 13 ga Afrilun 2021, a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ka ci yara 20. Wata bakwai bai cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, a cikin garin Maraɗi, ka ci aƙalla 25, 'yan shekara biyar da shida. Aka yi makoki na kwana uku.

Sai majalisar ministoci ta haramta maka ƙananan yara 'yan share fagen firamare. Madalla. Su kuma yayyensu, ashe wuta tana duba takardar haihuwa ne? A zamanin Shugaba Bazoum an ƙidaya irinka kusan 36,000 a faɗin Nijar, aka yi alkawarin sallamarku ɗaya bayan ɗaya.

Bana ma an aiko mana cewa kowane uba ya kawo zana biyu. Na kai nawa jiya da yamma. Na roƙi mushe ya tsaga maka ƙofa ta biyu ta baya, ya ce ta nan yaran za su riƙa sulalewa kasuwa.

Naka,
Wani uba daga Tasawa