Wane Littafi Ne Zai Raba Bazazzagiya da Fate?

Baiwata Bazazzagiya, saƙonki ya iso Kano lafiya. Wai kina neman littafin girki guda ɗaya da za ki riƙe a madafa, kin duba kin duba kin rasa na ɗauka. Madalla da kika san gidan da ake kawo kuka. Abin dariyar shi ne, ku ne masu cika mana kunne da birnin ilimi. A garinku aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, takarda kam har ta yi muku yawa. Amma duk karatun nan, in aka buɗe tukunyar Bazazzagi tsaki da rama za a tarar suna iyo. Da rana fate, da dare fate, da safe a ɗumama na jiya.

Da don son ranki zan zaɓa, da na haɗa ki da littafin Uwargida Beeton, Baturiyar Ingila, wanda ya fito a 1861, shafi sama da 1,000. A cikinsa ta ce a bar makaroni a wuta fiye da awa ɗaya da rabi. Ki faɗa mini, me za a sauke in ba fate ba? Ina zargin matar nan tana da dangi a Tudun Wada.

Ko kuma, tunda kuna ji da Larabci, ga Kitabuɗ Ɗabikh na Ibn Sayyar al-Warraƙ, da aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10, girki sama da 600 na teburin halifofi. Za'afaran ne, ruwan wardi ne, har da almiski a cikin abinci. Ki miƙa wa malam wannan cefanen ana saura kwana goma wata ya ƙare, ki ga yadda ɗan boko ke zare tabarau.

To, bar wasa, ga yadda ake zaɓe. Kada hoton bango ya ruɗe ki, hoto ba ya ƙonewa a tukunya. Ki buɗe tsakiyar littafin, ki karanta jerin kayan haɗi na girki uku ko huɗu. In rabinsu babu su a kasuwar Sabon Gari, mayar da shi kan kanta, ado ne na falo. Daga nan ki duba ma'auni, don a nan yawancin amare ke faɗuwa. Fannie Farmer ta Amurka ce ta yaɗa awo da kofi da cokali a shafe a littafinta na 1896, kuma kofin nasu ya kusa mililita 240. Gwangwanin madarar da muke awo da shi bai kai haka ba. Sai littafi ya ce kofi biyu na fulawa, ki zuba gwangwani biyu, ki sa ruwa yadda ya faɗa, kwaɓin ya tsinke, ki ce marubuciyar ce maƙaryaciya. Ko a tsakaninmu ma awon bai zo ɗaya ba, kwanon Kano ya fi mudunku, kamar yadda komai namu ya fi naku.

Sai maganar wuta. Littafi zai ce ki kunna oben a digiri 180 ki jira minti 40, bai san an ɗauke wutar unguwarku tun asuba ba. Wanda zai amfane ki shi ne wanda marubuciyarsa ta san gawayi da risho, ta san ana zuba yashi a gindin tukunya a gasa kek ya tashi lafiya lau, ta kuma gaya miki kalar da za ki gani da ƙamshin da za ki ji kafin ki sauke.

Littattafan da aka buga da sunan girkin Najeriya suna da kyau, tun daga na Miss Williams na 1957 har zuwa na 'yan bayan nan da ake bugawa a Ingila da Amurka. Sai dai yawancinsu hannun Kudu ne ya rubuta. In agushi da sakwara da alale kike so, sun gama miki komai. Ga namu kuwa, ga jarrabawa mai sauƙi: nemi shafin ɗanwake. In babu kanwa da kuka a ciki, rufe. Nemi miyar kuka, in ba ki ga daddawa ba, ki nemi kuɗinki. Alkubus da funkaso da dashishi da sinasir kuwa, da wuya ki tarar da su gaba ɗaya a littafi guda.

Saboda haka ga hukuncina. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai kauri. Abin da kika gani a shirin Akushi Da Rufi na Arewa24 ya yi miki, ki gwada, in ya fito daidai ki rubuta. Sauran kuma wajen tsofaffi za ki samo. In Hajiya ta ce “ki ɗan barbaɗa”, riƙe hannunta, ki juye abin da ta ɗebo a cokali, ki rubuta adadin da gwangwaninki da ludayinki. Shafin farko ki ba fate, na yarda, wanda ya ji gyaɗa da gauta da albasa yana da daɗi, kuma ko a kotu zan musa na faɗi haka.

Tsofaffin da suka iya girkin dai a Kano suke. Ki fito Kwangila ki hau mota, zan kai ki Jakara ki ga yadda ake gasa gurasa a tanderu, mu dawo gida ki koyi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na san za ki ce Bakanuwa ba ta koyarwa kyauta, kuma gaskiyarki. Ki taho da kuɗin makaranta a hannu, ba ma karɓar rama.